Yadda ake raya tsiran inuwa a ƙarƙashin kainuwa cikin akwatin kifi

Duk wanda ya taɓa ajiye akwatin kifi na gilashi a Garwa ko Marwa ko Injamena ya san gansakuka. Ka wanke gilashi ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ya sake yin kore shar, ganyayen da ka saya da tsada sun lulluɓe da wani baƙin gashi, ruwan ya ɗauki zafi, kifi sun taru a sama suna haki. Hasken ƙasarmu ya fi ƙarfin ƙaramin akwati, zafinta ma haka. Maganin da na fi yarda da shi shi ne a yi wa ruwan rufi da tsiro mai yawo a sama, irin su kainuwa, sannan a dasa a ƙasa tsiran da dama can a inuwa Allah ya halicce su. Na saman suna tare haske suna kuma shanye dattin kifi, wanda shi ne abincin gansakuka, na ƙasan kuma suna girma a hankali babu mai takura musu. Sai dai inuwar ba ta tsayawa yadda ka bar ta. Kullum ƙaruwa take yi, kuma hannunka ne zai riƙa auna ta. A nan yawancin masu gwadawa suke faɗuwa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Akwati da wurin ajiye shi

Fara da akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Wannan yana ɗaukar lita 54. Kada zurfin ya wuce santimita 40, domin hasken da ya ratsa tsakanin ganyen kainuwa ya riga ya yi rauni, in ya ƙara da tafiya mai nisa cikin ruwa ba abin da zai isa ƙasa. In mai yankan gilashi ne zai haɗa maka, ka ce masa kaurin milimita 6, kuma ya liƙe da silikon tsantsa, ba wanda ake sa wa maganin fumfuna don banɗaki ba, wannan guba ne ga kifi. Cike da ruwa da yashi akwatin zai kai kilo 70 ko fiye, to ka sama masa teburi mai ƙwari wanda ba ya rawa.

Ka ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga mai kallon gabas ko yamma. Rana kada ta taɓa gilashin ko na awa ɗaya. Ɗaki mai rufin kwano ba sili, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, bai dace ba sam.

Yashi, dutse, itace, ruwa

Yashin rafi ya isa. Mutanen Marwa ga Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga a bushe tsawon rani, na Garwa ga bakin Binuwai. Ka tankaɗe, ka ɗauki mai ɗan gautsi ka bar mai laushi, ka wanke har ruwan ya fita garau, ka zuba masa tafasasshen ruwa. Kaurin santimita 4 zuwa 5 a ƙasan akwati ya wadatar. Dutse kuma ka ɗiga masa ruwan lemun tsami: in ya yi kumfa yana da farar ƙasa, zai ƙara wa ruwa nauyi, wato yawan gishirin ma'adinai a cikinsa, kada ka yi amfani da shi. Itace ya zama mai tauri, wanda ya daɗe da bushewa, a ɓare ɓawon, a jiƙa shi a baho mako biyu ko uku ana canza ruwa har ya nutse da kansa. Ka guji dogon yaro da duk itace mai fitar da farin nono. In ruwa ya yi launin shayi bayan ka sa itacen, ba komai, zai ragu da canjin ruwa.

Ruwan famfo yana da kulorin, ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana biyu don kulorin ɗin ya fita kafin ka yi amfani da shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse yakan yi nauyi, amma yawancin tsiran da zan ambata ba su damu ba.

Tsiran ƙasa

Na farko, kuma wanda nake so kowa ya fara da shi, shi ne Anubias. Ɗan gida ne: a rafukan dazukan kudancin Kamaru da Najeriya yake fitowa, manne da duwatsu da saiwoyin bishiyu, inda rana ba ta cika saukowa ba. Ɗan ƙaramin nau'in da ake kira Anubias nana, wanda yau ake sayarwa a shagunan kifi daga Jamus har Japan, asalinsa Kamaru ne. Ganyensa kauri gare shi, kore mai duhu, yawancin kifi ba sa cin sa. Yana da gindi mai kwanciya a gicciye kamar citta, daga nan ganye ke fita sama, saiwa ke fita ƙasa. Ka riƙe wannan da kyau: ba a binne gindin. In ka tura shi cikin yashi zai ruɓe, ganye su riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaure shi ake yi a jikin dutse ko itace da baƙin zaren ɗinki, ba da ƙarfi ba, ko a ɗiga gam mai kamawa nan take, ɗigo biyu a kan saiwa, a danna na ɗan lokaci. Bayan wata ɗaya ko biyu saiwar za ta kama da kanta. Ganye ɗaya yake fitarwa a mako uku ko huɗu, wani lokaci ma ya fi haka jinkiri. Wannan jinkirin ne ya sa yake buƙatar inuwa, don ganyen da zai shekara a wuri ɗaya cikin haske mai ƙarfi dole gansakuka ta hau shi.

Na biyu shi ne Microsorum pteropus, wanda masu sayarwa ke kira java fan, daga kudu maso gabashin Asiya. Shi ma ɗaure shi ake yi. In ka ga ɗige-ɗige masu duhu a jere a bayan ganyen, ba ciwo ba ne, irinsa ne. Yakan kuma haifi 'ya'ya a bakin tsohon ganye, in sun yi ganye uku da 'yar saiwa sai ka cire ka ɗaure a wani wuri.

Na uku Cryptocoryne wendtii daga Siri Lanka, shi kam cikin yashi ake dasa shi, saiwa a ƙasa, wuyan a waje. Yana da wata ɗabi'a da ke tsorata sabon shiga: kwana kaɗan bayan dashe ganyen na iya narkewa gaba ɗaya. Kada ka tumɓuke. Ka kwashe ruɓaɓɓen ganyen ka bar saiwar, sabbin ganye za su fito cikin makonni kaɗan, waɗanda suka saba da ruwanka. Bayan nan kada ka riƙa canza masa wuri.

Akwai Bolbitis heudelotii, shi ma ɗan Afirka ne, ganyensa kyakkyawa ƙwarai, amma ruwa mai gudu mai ɗan sanyi yake so. In ba ka da na'urar sanyaya ɗaki, zafin bazara zai wahalar da shi, ni dai ba na ba mai farawa shawarar sa. Jajayen tsirai da masu shimfiɗuwa a ƙasa su yi ciyawa, waɗanda ake gani a hotunan intanet, haske mai yawa suke so, ba su da wuri a wannan tsarin.

Samun tsiran ne ɗan aiki, don galibi daga Duwala ko Yawunde ko Kano ake aiko su. Ka roƙi mai aikowa kada ya sa su cikin ruwa. A naɗe su da jiƙaƙƙiyar jarida, a sa a leda, a hura iska a ɗaure, a sa a kwali. A haka Anubias da java fan suna jure kwanaki, ko da jirgin ƙasa suka biyo zuwa Ngaundare sannan mota ta ƙarasa da su. Abin da ke kashe su a hanya shi ne a ɗora kwalin a saman mota cikin rana.

Tsiran sama

Kainuwa dashen Allah, in ji Hausawa, ga ta nan kyauta a tafkin Lagdo, a gefen Logon da Shari, a kududdufan damina. Masana suna kiran ta Pistia stratiotes. A cikin akwati ba ta yin girman da take yi a waje, takan tsaya ƙanana, saiwarta ta sauko zara-zara, 'ya'yan kifi su sami maɓoya. Dalilin da ya sa take cin gansakuka da yaƙi shi ne ganyenta a waje yake, yana shaƙar iskar kabon kai tsaye daga sarari kuma shi ya fi kusa da fitila, don haka girmanta ya ninka na duk abin da ke cikin ruwa. Mai saurin girma shi ke fara kwashe amoniya da naitiret, sinadaran da ke fitowa daga dattin kifi.

Sai dai kainuwar rafi ba a kai ta akwati kai tsaye, kuma wannan magana ta lafiyarka ce kafin ta kifi. Ruwan da take kwanciya a ciki shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya. Ka sa safar hannu ta roba, ka ɗebo da sanda ko kwando, kada ka shiga ruwan, kada ka aiki yaro. A saiwarta kuma akwai tsutsar wani sauro da ke manne mata yana shaƙar iska ta jikinta, da 'ya'yan mazari masu cin ƙananan kifi, wani lokaci har da matsattsaku. Ka zaɓi ƙanana, ka datse saiwar saura kamar santimita 2, ka cire duk ganyen da ya ruɓe, ka jiƙa saiwar cikin ruwan alam, babban cokali ɗaya a lita 4, na kwana biyu. Ka ɗauraye sosai, ka zuba a baho a inuwa mai haske tsawon mako uku, kana canza ruwan duk bayan kwana biyu ko uku don kada sauro ya yi ƙwai. A wannan lokacin za ta fitar da 'ya'ya ta gefe. 'Ya'yan nan, da aka haifa a bahonka, su za ka sa a akwati. Iyayen ka zubar.

In ka sami Salvinia ko Limnobium a wurin masu sayarwa, su ma suna yi, zaren da ke saukowa daga Salvinia kamar saiwa gajere ne, ta fi dacewa da akwati marar zurfi. Akwai kuma wani mitsitsin ganye mai rufe kududdufi, Lemna. Shi in ya shiga akwati fitar da shi wahala ne, yana manne wa hannu da raga da komai. Ka duba kainuwarka kada ya biyo ta.

Haɗawa

Zuba yashi, jera duwatsu da itace, zuba ruwa zuwa rabi a kan faranti don kada ya tona yashin. Dasa Cryptocoryne a gaba da tsakiya, Anubias da java fan a baya da gefe. Cika ruwan amma ka bar santimita 5 zuwa 8 a sama. Kainuwa ba ta son ruwa ya zauna mata a ganye, in ka rufe akwatin ruf da gilashi raɓa za ta riƙa ɗiga mata har ta ruɓe. Ka bar shi a buɗe, ko ka yi masa murfin raga irin ta sauro, wanda zai hana kifi tsallakowa kuma ya rage ƙurar hunturu.

Matatar soso mai aiki da famfon iska ita ce daidai, wuta kaɗan take ci kuma ba ta tayar da igiyar ruwa. Matata mai feso ruwa da ƙarfi za ta riƙa juya kainuwa tana nutsar da ita. Ka sa matatar a kusurwa ɗaya.

Yanzu sai iyakar inuwa. Ka sami siririn tiyon iska, ka lanƙwasa shi ya zama zobe, ka haɗa bakin biyu, zai yi iyo. Ko ka tara kainuwar a cikin zoben, ko ka bar cikin zoben fili kainuwar ta zagaye shi. Na fi son na biyu: zobe babba a saman inda Cryptocoryne yake, wani ƙarami a saman kumfar matata, ka ɗaure su a gefen gilashi kada su yi yawo. Ta nan haske ke sauka, ta nan kake zuba abinci, ta nan kuma ruwa ke musayar iska.

Kada ka sa kifi tukuna. Ka bar akwatin yana aiki mako huɗu zuwa shida, kana jefa ɗan abincin kifi kaɗan lokaci-lokaci, har ƙwayoyin halittar da ke mayar da amoniya naitiret su zauna a cikin soson. Sannan ka fara da kifi biyar ko shida ƙanana, irin su gofi, filati ko gurami, waɗanda ke jure ɗumi kuma suke son inuwa. Karfasa za ta cinye tsiran ta tone yashin, tarwaɗa ta fi ƙarfin akwatin, jan kifin ado da ake kira golfish kuma yana cin saiwar kainuwa ga shi ba ya son zafi.

Haske da auna inuwa

Fitilar LED fara, mai lamba 6500K a jikin kwali, ita za ka nema. Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken fitila. Tsiran inuwa lumen 10 zuwa 20 a kowace lita ya ishe su, amma tunda kainuwa za ta tare wani kaso, ka nemi mai lumen 1,000 zuwa 1,500 don akwati mai lita 54. Ka rataye ta santimita 10 zuwa 15 sama da ruwa don kada ta ƙona ganye. Awa shida a rana a watan farko, daga baya bakwai ko takwas. Kunna ta a lokaci ɗaya kullum ya fi yawan awanni amfani. In an ɗauke wuta yini ɗaya ko biyu, tsiran nan ba abin da zai same su, kada ka ce za ka rama musu da awa goma sha biyu washegari. A lokacin zafi gara ka kunna fitilar da yamma zuwa dare.

Ƙa'idata ita ce kainuwa kada ta rufe fiye da rabin saman ruwa, a bazara ma kashi ɗaya cikin uku. A ruwa mai ɗumi mai kifi, wurin da ta rufe yana iya ninkawa cikin mako ɗaya ko biyu, saboda haka ka ware rana ɗaya a mako ta ragewa, ka haɗa da ranar canjin ruwa. Ka kwashe manya da masu rawayan ganye, ka bar matasa. Saiwar da ta kai ƙasa ka rage ta da almakashi. Duk abin da ka kwashe datti ne ka fitar daga ruwan, don haka ragewar ita kanta tacewa ce.

Tsiran za su gaya maka in ka yi daidai. In sabon ganyen Anubias ya fito ƙarami, ko Cryptocoryne ya riƙa miƙa doguwar ƙafa sama yana kodewa, ko wata biyu suka wuce babu sabon ganye, inuwa ta yi yawa, ka rage kainuwa. In ɗige-ɗige kore masu tauri suka fito a tsohon ganye da gilashi, ko zare-zaren gansakuka suka fara, haske ya yi yawa, ka bar kainuwar ta ƙaru ko ka rage awa ɗaya. Canji ɗaya za ka yi, ka jira mako biyu ka ga sakamako kafin ka taɓa wani abu.

Akwai matsala ta uku da ake yawan ɗauka ta haske ce alhali yunwa ce. Kainuwa na iya shanye abincin ruwan kaf ta bar na ƙasa da hannu biyu. Alamar farko a jikinta take fitowa, tunda ita haske da iska ba su yanke mata ba: in sabbin ganyenta suka yi fari-fari, sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci, in tsofaffin suka yi rawaya tana ƙanƙancewa, naitiret ya ƙare, ƙananan huji a ganyen java fan ko Anubias kuma galibi ƙarancin fotashiyam ne. Ka sa takin ruwa na akwatin kifi, rabin abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a mako bayan canjin ruwa. Cryptocoryne ta saiwa ya fi ci, ka tura masa ƙwayar taki ta musamman cikin yashi duk wata uku. Don Allah kada ka ɗebo takin gona, yuriya ko NPK na auduga da masara, ka zuba. Amoniyar da zai saki za ta iya kashe kifin cikin dare ɗaya.

Bazara da hunturu

Daga Maris zuwa Mayu ne jarrabawar. Tsiran nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28, suna daurewa zuwa 30, sama da haka sai su fara lalacewa. Ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe oksijin sosai: lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 8.3 a digiri 25, amma a digiri 35 ba ta kai 7 ba. Da dare tsirai ba sa samar da oksijin, shaƙa suke yi tare da kifi. In kainuwa ta rufe ruwan duka, ga zafi, ga an ɗauke wuta famfo ya tsaya, da asuba ne kifi ke mutuwa. Saboda haka ka sayi ma'aunin zafi, ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir ko mai jona wa abin cajin waya, ka kuma rage kainuwa tun kafin zafin ya kama. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa ta gefe tana sauke digiri biyu zuwa uku, a busasshiyar iskarmu tana aiki sosai. Ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri, ka cike da wanda ya kwana a randa, a hankali. Cikewa ba ta maye gurbin canji, don gishirin ruwan ba ya tashi da tururi, taruwa yake yi. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu ka zuba sabo. Ƙanƙara kai tsaye cikin akwati kada ka yi, in ta kama dole ka sa 'yar gora mai sanyi ta yi iyo kana duba ma'auni.

Hunturu da sauƙi. Dare a Disamba da Janairu yakan yi sanyi, ka rufe taga, ka yafa wa akwatin bargo ta gefe in ma'auni ya sauka ƙasa da 22. Ƙurar da ta kwanta a saman ruwa ka shimfiɗa takarda mai tsotsa ka ɗaga, ta kan ganyen kainuwa kuma ka ɗauraye a bokiti.

Bayan wata shida ko fiye, gindin Anubias zai yi tsawon da za ka iya raba shi. Ka yanka da sabuwar reza, kowane yanki da ganye uku ko huɗu da 'yar saiwa, ka ɗaure a sabon dutse. Kainuwar da kake kwashewa kuwa, musamman Salvinia da sauran baƙin iri, kada ta je kwata ko rafi. Salvinia ta taɓa toshe sassan kogin Sanagal a wajajen 1999 da 2000, masunta a kogin Wuri na Duwala ma suna fama da wani baƙon tsiron mai yawo. Ka shanya ta a rana ta bushe ƙarau, sannan ka zuba a gindin bishiya ko ramin taki.